Sawu a Inuwar Gawo

Ranar Talata da rana tsaka wuta ta kashe Hafizu a bisa poto, wato turken wayar lantarki, a bakin ƙauyen Gidan Kaɗe da ke gaban Jiratawa. Ma'aikaci ne na Alhaji Bilal, ɗan kwangilar da aka ba aikin sauya wayoyin layin. Tun da hantsi aka kashe wutar kafin ya hau, sai ga ta ta dawo yana sama, hannunsa a kan waya. Ita kuwa wuta ba ta dawo da kanta. Can bakin lambunan Jiratawa akwai wani poto mai hannun ƙarfe, in an ja shi ƙasa layin ya mutu, in an tura shi sama ya tashi. Wani ne ya tura shi.

Kafin a dawo daga maƙabarta gari ya gama shari'a. Ai Baraka ne, wa kuma? Baraka tsoho ne daga cikin Anna masu bin addinin gargajiya, kuma wata biyu da suka wuce mutanen Alhaji suka sare tsamiyar da gidansu ke yi wa yanka tun kakanni, don waya ta wuce. Kowa ya ji lokacin da ya ce mai itacen, iskar da ke zaune cikinta, ba za ta yafe ba. Ga kuma karyayyen kwaɗo da aka tsinta gindin poton, wanda Alhaji ya ce da shi aka kulle hannun. Jandarmomi suka ɗauke tsohon suka kai Maraɗi, rabi tsarewa rabi ceto, don matasa sun fara tara duwatsu.

* * *

Washegari ɗan kabu-kabu ya sauke wata mata ƙofar gidan Rabo a Tsibiri. Sunanta Fadila, injiniya ce mai kula da tsaron lafiyar ma'aikata, babban kamfanin wuta ya turo ta ta gano abin da ya faru.

Rabo mabi sawu ne, na ƙarshe a wannan yanki. A da ko tinkiya aka sace sai an zo gare shi. Yanzu ɓarayi a mota suke loda shanu su hau kwalta, ita kuwa kwalta ba ta ba da labarin kowa. Matarsa Ladi ta rasu shekara uku ke nan. Abin da ya rage masa wata ɗabi'a ce da maƙwabta ke yi wa dariya: kullum da safe sai ya share yashin ƙofar gida da na tsakar gida ya lailaye, da yamma ya duba wanda ya zo. Yawanci kaji ne. Sai ranar Juma'a kaɗai yake samun sawun mutum, ɗansa Sha'ibu, da ke zuwa daga Sabon Gari da burodi da ganyen shayi, ya cire takalmi ya zauna rabin awa ya tafi. Wannan rabin awa ita Rabo ke jira mako guda cur.

"Baba, mai gari ya ce in zo wurinka," in ji Fadila bayan gaisuwa. "Amma sai da na yi ta wasi-wasi. An ce ɗanka ne shef ɗin ma'aikatan."

"Ɗana ne. Mi ya ce maki?"

"Ya ce shi ya kashe kuran, wato wutar, da safe, ya sa kwaɗo, ya tahi Sabon Gari ɗauko kaya. Wai can labari ya iske shi."

"To ai shi ke nan," in ji Rabo, ya jawo sandarsa. "Ƙasa ba ta san ɗan kowa ba, ɗiyata. Mu tahi."

Ya faɗi maganar da sauƙin baki, don bai san za a nemi ya cika ta ba.

* * *

Gindin poton mai hannun ƙarfe kamar an ci kasuwa. Duk mai ƙafa a Jiratawa sai da ya zo kallo, Rabo ya yi ta tsaki yana zagin 'yan kallo a ransa. Ya bar tsakiya ya koma gefe, inda hanyar awaki ta ratsa.

"Ga Baraka nan," ya ce. Takalmin taya ne, diddigen dama ya cinye.

Fadila ta yi ajiyar zuciya. "Ashe dai ya zo."

"Ya zo. Amma duba mi ke bisa sawun." Ya nuna da sanda. "Kofaton awaki, sun fuskanci daji. Awaki da sassafe suke hita. Mutumin da awaki suka taka sawunshi suna tahiya kiwo, ya wuce tun kahin a kashe wutar."

Ya karɓi karyayyen kwaɗon ya juya shi, ya matsa wurin hannun ƙarfen. Akwai ƙaramar kafa a jiki inda ake zura kwaɗo. Ya leƙa ya daɗe, sannan ya kira ta. Kafar a toshe take da busasshiyar laka. Zanzaro ya yi gini a ciki, ginin har ya yi fari don daɗewa.

"In kwaɗo ya shiga nan jiya, to ta ina ya bi bai tashi mai gida ba?"

Fadila ta ɗauki hoto da salula. Fuskarta dai ta nuna Alhaji Bilal zai ji daga gare ta.

* * *

A Maraɗi suka iske Baraka zaune a kan benci, ya rame cikin kwana ɗaya. Shi da Rabo tare suka yi farauta suna samari, kafin kowa ya kama hanyarsa.

"Kai ma ka zo ka ga maye?" in ji Baraka.

"Na zo in ga wawan da ba ya iya riƙe bakinshi. Mi ya kai ka wurin poto?"

"Hanyata ce. Kullum ina zuwa in ga kututturen." Ya dubi Rabo. "Na ce ba za ta yafe ba, ban musa ba. Amma ni ko hitila ta kuran ban taɓa kunnawa ba, Rabo. Ina na san wane ƙarhe ake turawa? Jikokina na gida, an ce jiya an hana su ɗibar ruwa a rijiya."

Rabo ya ji maganar ta soke shi. Ya ce masa ya yi haƙuri, ya fita.

Wanda ake zargi na biyu Tanko ne, mai injin niƙa a bakin lambu, wanda aka ji yana ɗaga murya da safe don an kashe masa wuta mata na jira da hatsi. Ba su sha wahalarsa ba, mata goma sun shaida bai bar rumfa ba.

"Faɗa kam na yi," in ji Tanko. "Amma aka ce in yi haƙuri zuwa Azahar. Kuma ba su yi ƙarya ba. Ladan na gama kira, ina cikin alwala, na ji inji ya tashi."

Daga nan suka yi tafiyar kilomita biyar zuwa Gidan Kaɗe, wurin Bawa, dattijon lebura da ke riƙe wa Hafizu igiya a ƙasa. Idanunsa sun yi ja.

"Na ce mashi ya sauko ya sha ruwa," in ji Bawa. "Ya ce bari ya ƙarasa, akwai sauran lokaci. Kuma gaskiyarshi, ko kiran Azahar ba a yi ba. Sai da muka sauko da shi muka lulluɓe, sannan ladan ya kira."

"Ina igiyoyin da ake maƙala ma waya a haɗa da ƙasa, don ko kuran ya dawo ya bi ta can?" in ji Fadila.

Bawa ya dube ta kamar ta yi masa Faransanci. "Madam, mu ko safar hannu guda biyu gare mu, karɓa-karɓa muke yi."

Da suka fito ta ce, "Baba, ɗaya na ƙarya. Wancan ya ce bayan kira, wannan ya ce kahin kira."

Rabo ya tsayar da wani mai amalanke ya tambaye shi ƙarfe nawa ake kiran Azahar a nan. Mutumin ya ce biyu da rabi, kamar yadda suka gada. Rabo ya san masallacin bakin lambu sabo ne, na masu yin salla da wuri, ƙarfe ɗaya da rabi suke kira. Awa guda ce tsakani. Babu wanda ya yi ƙarya. Abin da ya dame shi shi ne yadda mutum biyu da ba su haɗu ba kowa ya kama Azahar yana auna wuta da ita.

Ya koma wurin Bawa. "Mi ya haɗa aikinku da kiran salla?"

Bawa ya sunkuyar da kai. "Rezo ba ya kamawa nan, salula ba ta shiga. Sai mu yi alkawari da mai tsaron hannu: in an kira salla kaza, a maido. Haka muke yi kullum. Alhaji ya ce kada in faɗa ma kowa."

"Wa ke tsaron hannu jiya?"

"Ni ina nan gindin poto, Baba. Ban gani ba."

* * *

Da suka dawo Jiratawa, Rabo ya ce wa Fadila ta jira shi a rumfar Tanko. Ya koma wurin poton mai hannu shi kaɗai.

Wanda aka ce ya jira kiran salla ba zai tsaya cikin ranar bazara ba, inuwa zai nema. Taku talatin daga poton, a bakin magudanar ruwan lambu, akwai wani ɗan gawo. 'Yan kallo ba su kai nan ba, don babu abin kallo. Ga inda aka jingine babur. Ga inda mutum ya zauna ya daɗe, yana zana ƙasa da tsinke. Ga sawun takalmin aiki ya tafi wajen poton ya dawo. Takalmin bai gaya masa komai ba, duk irinsa ɗaya ne. Amma da mutumin ya dawo sai ya cire su ya yi alwala. Ruwan ya jiƙa laka, ya taka, rana ta gasa sawun ya tsaya kamar an yi shi da gangan. Gaba kaɗan ga gurbin gwiwoyi da na goshi, sun fuskanci gabas.

Ya tura hannun, ya zo ya yi sallarsa hankali kwance, bai san abin da ya aikata ba.

Rabo ya durƙusa kan sawun ƙafar hagu. Yatsu huɗu ne. Ƙaramin bai taɓa ƙasa ba, don hawa yake yi bisa na kusa da shi. Mutum biyu ya sani a duniya masu irin wannan ƙafa. Ɗaya ita ce Ladi, wadda tun tana budurwa yake gane ta je rijiya ko ba ta je ba. Ɗayan ita ta haifa masa shi.

Ya daɗe a durƙushe. Ba kowa wurin sai shi da kukan kurciya. Shafa ɗaya da tafin ƙafa ta isa, laka ce kawai. Hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar, haka ya yi ta gaya wa kansa, har ya ɗaga ƙafar. Sai ya tuna da jikokin Baraka tsaye bakin rijiya da guga. Baƙin ciki ya cika shi, irin wanda bai ji ba tun ranar da aka fita da Ladi. Ya sauke ƙafar a gefe. Ya ari ƙwarya wurin wata mai tsinkar tumatir, ya kifa kan sawun ya ɗora dutse, yadda mahaifinsa ya koya masa.

* * *

Bayan la'asar ya sauka Sabon Gari. Sha'ibu na zaune a zaure, ya tashi da sauri ya shimfiɗa tabarma.

"Baba, lahiya? Ai da ka aiko na zo."

"Ina ka yi Azahar jiya?"

Sha'ibu ya kawar da ido. "Nan cikin gari."

"Ni na koya maka tahiya, Sha'ibu. Ban zo da jandarma ba, ni kaɗai na zo. Gobe za a taru wurin poto. Ina so bakinka ya riga nawa."

Sha'ibu ya zauna gefen tabarmar. "Wallahi na ji kira, Baba. Alkawari muka yi da Hafizu, in an kira. Ni na ɗauko Hafizu aikin nan. Alhaji ya ce in na yi magana ni kaɗai za a ɗaure, in na yi shiru tsoho ne, kwana kaɗan za a sake shi. Ina da ɗiya ukku."

"Shi ma Baraka yana da jikoki. Ko an sake shi, wa zai zauna da wanda aka ce ya kashe mutum?"

"Shekara nawa ba wanda ya nemi aikinka? Sai yau, a kaina?" Ya miƙe tsaye. "In ka tona ni gaban mutane, to ka manta kana da ɗa."

Rabo ya ɗauki sandarsa. Ya hau kabu-kabu ya koma Tsibiri.

* * *

Alhamis da ƙarfe ɗaya Fadila ta tara su gindin poton: mai gari, Alhaji Bilal da babbar riga, Tanko, Bawa, Sha'ibu da sauran ma'aikata, da Baraka tsakanin jandarmomi biyu. Jama'a suka yi da'ira.

"Wai mi muke jira cikin wagga rana?" in ji Alhaji. "Ga mai laihi, ga kwaɗon da ya karya."

Fadila ta miƙa masa sabon kwaɗo. "Alhaji, taimaka ka nuna mana yadda aka kulle."

Ya karɓa da isa, ya kai kafar, kwaɗo ya ƙi shiga. Ya danna, busasshiyar laka ta zubo tare da matattun tsutsotsi. Wani a baya ya ce ashe zanzaro ma ya fi wasu riƙon amana, aka yi dariya kaɗan aka bari.

Ana cikin haka ladanin bakin lambu ya ɗaga murya. Rabo ya bari ya gama.

"Tanko, wanga kira ka ji inji ya tashi?"

"Shi ne."

"Bawa, a Gidan Kaɗe an kira yanzu?"

"Da sauran awa guda."

"To kun ji. Ba tsahi, ba gaba. An ce a maido wuta in an kira Azahar. Na bisa poto yana jiran Azahar ta Gidan Kaɗe, na wurin hannu ya ji ta bakin lambu. Ran mutum aka rataya ga bakin ladan, don an ƙi sayen kwaɗo."

"Labari ne," in ji Alhaji, amma muryar ta sauka. "Shef ɗina yana gari. Wa ya ga wani a nan?"

Rabo ya dubi ɗansa. Ya jira. Ya ba shi lokacin da zai ishi mutum ya yi alwala. Sha'ibu ƙasa yake kallo, bai motsa ba.

Sai tsohon ya juya ya nufi gawon, jama'a na biye. Ya ɗauke dutsen, ya ɗaga ƙwaryar.

Babban jandarma ya leƙa ya ƙirga yatsun. "Kowa ya cire takalmi."

"Ba sai an cire ba," in ji Rabo. "Sawun ɗana ne."

Sha'ibu ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da hannu biyu. Daga nan ya faɗi komai: alkawarin, da sallar da ya yi, da yadda Alhaji ya fasa kwaɗon shagonsa da guduma ya jefar gindin poto ana can ana wankan gawa. Aka kwance Baraka. Da za a sa Sha'ibu a mota ya bi ta gaban mahaifinsa, kafaɗarsa har ta gogi rigar tsohon, bai ɗago ba.

* * *

Fadila ta raka Rabo bakin hanya. Ta ce an karɓe kwangilar daga hannun Alhaji. Ta ce daga yau duk ɗan kwangilar da ke ƙarƙashinta, ba mai hawa poto sai ya kulle hannun da kwaɗonsa, mabuɗi a aljihunsa, kuma sai an maƙala igiyar ƙasa. Ba sauran alkawari da kiran salla ko da agogo. Ta ce za ta rubuta cewa Sha'ibu ba da gangan ya yi ba.

"Rubuta," in ji Rabo. "Kwaɗo dai tun ina yaro ake saida shi a kasuwa."

Ta tsayar masa da babur.

Juma'a da safe ya share ƙofar gida kamar kullum. Da ya shigo tsakar gida da tsintsiya sai ya tsaya. A bakin ɗakinsa, inda rumfa ta kare iska kuma tsintsiya ba ta kai ba a kwanakin nan, ga sawun makon jiya bai goge ba, ƙafar hagu, yatsu huɗu. Ya share ko'ina ya kewaye shi.

Da ya dawo masallaci ya duba ƙofa. Takalmin taya ya zo, diddigen dama a cinye. Ya tsaya, ya juya, ya sake tsayawa, sannan ya tafi. A kan dakali an ajiye ƙullin tsamiya. Ban da wannan sai kaji.

Rabo ya dafa shayi da ragowar ganyen da aka kawo masa, ya zuba kofi biyu don hannu ya saba. Ya zauna har inuwa ta kai bango. Da ya ji iska ta fara tasowa sai ya tashi ya shiga ɗakin Ladi, ya ɗauko ƙwaryar da take dama masa fura, ya zo ya kifa a kan sawun.